Jiki magayi: Ciwon da rikice-rikicen Zariya suka bari a zukata

Unguwar Hanwa na tsakanin Sabon Gari da Samaru ne, daf da gadar Kwangila. Wanda ya taso daga PZ zai je Jami'ar Ahmadu Bello ko asibitin koyarwa na Shika, ta gefenta zai wuce.

Yanki ne da ya tara ma'aikatan jami'a da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, Musulmi da Kirista, 'yan gari da baƙi. Daga 1966 zuwa 2015, kusan kowane ɓangare daga cikinsu ya taɓa yin gudun ceton rai a titunan da ke kewaye da nan.

Bayan kowane rikici akan kafa kwamiti, a ƙirga gawarwaki da gidaje da shagunan da aka ƙona. Wanda ba ya shiga lissafi shi ne mutumin da ya tsira ba tare da ko ƙwarzane ba, amma har yau in taya ta fashe a titi sai jikinsa ya ɗauki rawa.

A Indiya da Pakistan, inda aka yi ɗaya daga cikin gudun hijira mafi girma a tarihi, masu rubuta gajerun labarai da harshen Urdu ne suka fara ɗaukar nauyin wannan lissafi. Yadda suka yi aikin na da abin da zai faɗa wa Zariya, garin da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko.

Abin da aka ƙirga

A ranar 15 ga Janairun 1966 sojoji suka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Firaminista Abubakar Tafawa Balewa. A ranar 24 ga Mayu gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta fitar da Doka ta 34 wadda ta soke tsarin jihohi. Ɗaliban jami'a a Samaru na cikin waɗanda suka fara fitowa zanga-zanga, kuma kafin watan ya ƙare abin ya rikiɗe zuwa kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a Sabon Garin Zariya da Kano da wasu biranen Arewa.

Na watannin Satumba da Oktoba ya fi muni. Ƙiyasin masana tarihi ya kama daga mutum 8,000 zuwa 30,000 a faɗin Arewa, sannan fiye da mutum miliyan 1 suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma Gabas. 'Yan Arewa da ke zaune a Gabas su ma an kashe wasu, saura suka gudo gida.

Jirgin ƙasa ne ya kafa Sabon Garin Zariya, shi ya kawo baƙin da suka cika ta. A 1966 shi ne kuma ya kwashe da yawa daga cikinsu.

A watan Maris na 1987, rikicin da ya faro a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya iso Zariya cikin 'yan kwanaki, aka ƙona coci-coci masu yawa.

A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, wasu fiye da 65,000 suka rasa matsuguni. A Zariya an kashe ɗalibai Kiristoci da malaminsu a Kwalejin Nuhu Bamalli. A Zonkwa da kewaye an kashe ɗaruruwan Musulmi, waɗanda suka tsira aka kai su sansanin alhazai na Mando a Kaduna, inda wasu suka shafe shekaru.

A ranar 17 ga Yunin 2012 bam ya tashi a babban cocin Katolika da ke Sabon Gari da kuma cocin ECWA na Wusasa. A ranar 7 ga Yulin 2015 wani ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa ana tsaka da tantance ma'aikata, gwamnatin jiha ta ce mutum 25 suka rasu.

A watan Disambar wannan shekarar aka yi arangama tsakanin sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky. Daga baya sakataren gwamnatin jihar Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa gawa 347 aka binne a kabari ɗaya a Mando.

Yanzu kuma 'yan bindiga ne ke korar mutane daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari, wasu su raɓe a gidajen 'yan'uwa ko kangwaye a gefen gari.

Wanda maciji ya sara

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Likitocin ƙwaƙwalwa na da suna ga wannan hali idan ya yi tsanani ya kuma daɗe, suna taƙaita shi da PTSD.

Alamominsa sun haɗa da mugun mafarki, da rashin barci, da yawan firgita, da saurin fushi. Mutum kan ji kamar abin na sake faruwa a gabansa. Wani ya daina bin hanyar da abin ya same shi ko da zai yi dogon zagaye. Wani kuma sai ya zama kamar dutse, ba ya kuka, ba ya dariya.

Sau da yawa ciwon ta jiki yake fitowa: ciwon kai da ba ya jin magani, faɗuwar gaba, zafin ƙirji, ko ƙafa ta riƙe alhali gwaji bai nuna komai ba.

Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a mujallar The Lancet a 2019 ya nuna cewa mutum 1 cikin 5 da ke zaune a yankunan rikici na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kamar tsananin damuwa ko fargaba ko PTSD.

A Najeriya, alƙaluman Hukumar Ƙaura ta Duniya sun nuna fiye da mutum miliyan 2 ne rikici ya raba da gidajensu a Arewa maso Gabas, da wasu fiye da miliyan 1 a Arewa maso Yamma da ta Tsakiya. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar kuwa, ƙungiyarsu ta sha cewa ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

Sai a watan Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Kafin nan da dokar mahaukata ta 1958 ake aiki.

Yadda aka raba Indiya

Masu kallon finafinan Indiya sun san wani abu game da rabuwar 1947 ta cikin fim irin su Gadar na Sunny Deol da Veer-Zaara na Shah Rukh Khan.

Turawan Ingila sun ba wani lauya, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa zuwa Indiya ba, kimanin mako biyar ya shata iyaka tsakanin sababbin ƙasashen biyu. Layin da ya ja ya raba lardunan Punjab da Bengal gida biyu.

Kimanin mutum miliyan 15 suka bar gidajensu. Musulmi suka nufi Pakistan, mabiya Hindu da Sikh suka nufi Indiya, wasu a ƙafa, wasu a keken shanu, wasu a saman jirgin ƙasa. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga 200,000 zuwa miliyan 2. Mata kimanin 75,000 zuwa 100,000 aka sace ko aka yi wa fyaɗe. Akwai jiragen da suka iso tasha ba kowa a ciki sai gawarwaki.

Urdu ba baƙo ba ne sosai ga kunnen Bahaushe. Da haruffan Larabci ake rubuta shi kamar ajami, kuma ya ari kalmomi da yawa daga Larabci. A Pakistan "muhajir" ake kiran waɗanda suka yi ƙaura daga Indiya, tushe ɗaya da kalmarmu ta hijira.

Ɗaya daga cikin waɗannan muhajirai shi ne Saadat Hasan Manto, wanda aka haifa a 1912. Yana rubuta labaran fim a Bombay kafin ya koma Lahore a farkon 1948. A shekaru bakwai da suka rage masa a duniya ya rubuta labaran da har yau ake komawa gare su idan ana maganar rabuwar.

Uba da 'yarsa

A labarinsa mai suna Khol Do, ma'ana "buɗe", wani dattijo Sirajuddin ya farfaɗo a sansanin 'yan gudun hijira a Lahore. An kashe matarsa a gabansa, 'yarsa Sakina mai shekara 17 ta ɓace, mayafinta kawai ya rage a hannunsa.

Ya roƙi wasu matasa 'yan sa-kai, masu zuwa ceto mutane, su nemo masa ita. Sun same ta, amma ba su kawo ta ba. Duk sanda ya tambaye su sai su ce suna kan nema, shi kuma ya bi su da addu'a.

Daga ƙarshe aka tsinto ta a sume kusa da layin dogo aka kai ta asibitin sansanin. Likita ya nuna taga ya ce a buɗe. Yarinyar da ke kwance kamar gawa ta ji kalmar, sai hannunta ya tafi da kansa ya kwance mazugin wandonta.

Uban ya yi ihun murna don 'yarsa ta motsa, tana da rai. Likitan kuwa gumi ya karyo masa. Manto bai ƙara bayani ba, kuma bai kwatanta abin da aka yi mata ba. Jikinta ne ya faɗa.

Abin da ya fi ɓata wa hukumomi rai shi ne waɗanda suka ci amanar yarinyar mutanen ɓangarenta ne. An dakatar da mujallar da ta buga labarin na wata shida.

A wani labarin, Thanda Gosht, Manto ya shiga zuciyar wanda ya aikata kisa da ganima ne, ya nuna yadda abin da ya yi ya dawo ya karya shi a ɗakinsa. An gurfanar da marubucin a kotu saboda wannan labari. Sau shida aka kai shi kotu a rayuwarsa bisa zargin batsa, uku a zamanin Turawa, uku a Pakistan.

Matar da ba a bari ta yi magana ba

Rajinder Singh Bedi, wanda shi ma da Urdu yake rubutu, ya ɗauki wani ɓangaren a labarinsa Lajwanti.

Gwamnatocin biyu sun yi yarjejeniyar nemo matan da aka sace a mayar da su ga danginsu, kuma an dawo da kimanin 30,000. Da yawa daga cikinsu mazajensu da iyayensu sun ƙi karɓarsu.

Sundar Lal, wanda aka sace matarsa Lajwanti, shi ke jagorantar gangamin kira ga jama'a su karɓi matan da suka dawo. Kwatsam sai tasa ta dawo. Ya karɓe ta, ya daina dukanta kamar yadda yake yi a da, ya shiga girmama ta kamar wata waliyyiya.

Amma duk lokacin da ta buɗe baki za ta faɗi abin da ya same ta, sai ya ce a bar abin da ya wuce. Sai ta gane cewa ta dawo gidan, amma ba ta dawo matsayin matarsa ba.

Wannan labari ba ya buƙatar dogon sharhi a Arewacin Najeriya. Wani rahoto da UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda wasu ke kiran matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram da sunan "annoba". Matan da ake karɓowa daga dajin masu garkuwa da mutane kuwa, akan yi musu barka da arziki, a yi sadaka, daga nan a ja bakinsu a rufe saboda gudun abin kunya.

Ina garina yake?

Labarin Manto da ya fi shahara shi ne Toba Tek Singh, wanda aka buga a 1955. Bayan rabuwa da shekara biyu ko uku, gwamnatocin biyu suka yanke shawarar musayar masu taɓin hankali da ke asibitocinsu, kowa a kai shi ƙasar addininsa.

Wani dattijo mabiyin Sikh, Bishan Singh, ya shekara 15 a asibitin Lahore. Tambaya ɗaya yake yi wa kowa: garinsu Toba Tek Singh, a Indiya yake ko a Pakistan? Ba wanda ya ba shi amsa mai gamsarwa.

Da aka kai shi bakin iyaka ya ji cewa garin na Pakistan, shi kuma Indiya za a kai shi, sai ya toge. Ya kwana a tsaye, kafin fitowar rana ya ƙwalla ƙara ya faɗi a ɗan filin da ke tsakanin wayoyin ƙasashen biyu.

Manto ya san irin wannan asibiti ta ciki, don an taɓa kwantar da shi a na Lahore saboda shan giya. Ya rasu ranar 18 ga Janairun 1955 yana da shekara 42, cikin talauci. Sai a 2012 gwamnatin Pakistan ta karrama shi da lambar Nishan-e-Imtiaz.

Tambayar Bishan Singh ita ce ta Bahaushen da aka haifi kakansa a Zonkwa amma aka ce masa baƙo ne. Ita ce ta ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Gari, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa, aka ce ya koma garinsu. Tun bayan rikicin shari'a na 2000, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka a cikin birnin, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista a kudu.

Su wa suka rubuta namu?

An rubuta wasu, amma yawancin waɗanda suka yi fice da Turanci ne.

A littafin Half of a Yellow Sun na Chimamanda Ngozi Adichie, wanda ya fito a 2006, wata mata Olanna ta tsere daga Kano a jirgin ƙasa a 1966 bayan ta ga gawarwakin danginta. Da ta isa gida ƙafafunta suka daina ɗaukarta, likita ya ce matsalar a zuci take.

A gajeren labarinta A Private Experience, wata ɗalibar likitanci 'yar Ibo da wata Bahaushiya mai sayar da albasa sun ɓuya a wani shago a Kano ana tsaka da rikici. Ɗaya ta rabu da 'yar'uwarta, ɗaya ta rabu da 'yarta. Bahaushiyar ce ta cire ɗankwalinta ta ɗaure wa ɗalibar rauni a ƙafa.

Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016 da littafinsa Season of Crimson Blossoms. A ciki akwai wata budurwa Fa'iza da aka kashe mahaifinta da ɗan'uwanta a gabanta a rikicin Jos. Ba ta iya kallon jini ko ɗanyen nama, kuma da abin ya tsananta, aljanu aka fara zargi a gida.

Elnathan John da Richard Ali duk a Jami'ar Ahmadu Bello suka karanta shari'a. Na farkon ya rubuta gajeren labari Bayan Layi, wanda ya kai zagayen ƙarshe na gasar Caine a 2013, ta bakin wani almajiri da aka biya shi ya shiga rikicin zaɓe. Daga baya ya faɗaɗa shi ya zama littafin Born on a Tuesday. Na biyun ya rubuta City of Memories a 2012. E. E. Sule kuma ya rubuta Sterile Sky a kan wani iyali da rikicin Kano ya tarwatsa.

Matsalar ita ce uwar Fa'iza ta gaske, ko mai sayar da albasar ta gaske, da wuya ta karanta waɗannan littattafai. Manto da Bedi da harshen da mutanen sansanin ke ji suka yi rubutu, a mujallun da ake sayarwa a titunan garuruwan da abin ya faru, tun jinin bai gama bushewa ba.

Daga Shaihu Umar zuwa Sansani

Ba a ce Hausa ba ta taɓa ɗaukar wannan kaya ba. A Zariya hukumar talifi ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi da Shaihu Umar.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa labarin rabuwa da gida ne tun daga farko har ƙarshe. An sace yaro, aka sayar da shi, aka haye Sahara da shi. Uwarsa ta bi sahunsa, ita ma ta faɗa bauta, ta sha wuya shekara da shekaru. Da Allah Ya haɗa su, ba ta daɗe ba ta cika. Marubucin da kansa na cikin waɗanda aka fara kashewa a 1966.

Daga wajajen 1980 rubutun Hausa ya bunƙasa a Kano da sauran birane, mata suka shigo da ƙarfinsu, suka yi magana kan auren dole da kishi da saki da zaluncin cikin gida. Rikicin addini da ƙabilanci kuwa, duk da yadda ya riƙa maimaituwa, kaɗan ne labaran da suka tunkare shi gaba da gaba har suka yi suna.

An ga alamar sauyi a 2016, lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla. Labarin da ya zo na ɗaya a karon farko shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu daga Katsina, wanda ya duba rayuwar waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Hakan ya nuna akwai masu rubutawa, akwai kuma masu sauraro.

Me ya sa ake shiru?

Akwai dalilai na al'ada. Bahaushe ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Namijin da ya ce ba ya iya barci saboda tsoro, raggo za a kira shi. Macen da ta faɗi abin da aka yi mata, ta san 'ya'yanta mata ne za su biya bashin ranar neman aure.

Haƙuri da yarda da ƙaddara sun riƙe mutane da yawa da ba su da wani abin riƙewa, likitoci ma ba sa musun haka. Inda ake samun matsala shi ne idan "ka yi haƙuri" ta zama hanyar rufe bakin mai son ya yi magana, kamar yadda Sundar Lal ya yi wa matarsa. Malamai kuwa sun daɗe suna karantar da cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Akwai kuma tsoro na gaske. A garin da kalma ɗaya kan iya tayar da tarzoma, marubuci na da hujjar yin taka-tsantsan. Wasu na ganin tono tsohon ciwo fami ne kawai.

Sai dai shirun bainar jama'a bai hana a ba da labarin ba. Ana ba da shi a tsakar gida da majalisa da zauren WhatsApp, kuma kowane ɓangare nasa gawarwakin kawai yake ƙirgawa. Yaron da ya tashi a gidan da aka gudo daga Zonkwa ya san Zonkwa, bai san Nuhu Bamalli ba. Wanda ya tashi a gidan da aka rasa ɗa a Nuhu Bamalli ya san wannan, bai san Zonkwa ba. Duka biyun suna girma da yaƙinin cewa su kaɗai aka zalunta.

Nan ne aikin marubutan Urdu ya bambanta. Manto Musulmi ne, ya rubuta abin da Musulmi suka yi wa 'yarsu. Bedi ba Musulmi ba ne, ya rubuta abin da mutanensa suka yi wa matansu da suka dawo. Krishan Chander, mabiyin Hindu, ya sa jirgin ƙasa da kansa ya ba da labari a Peshawar Express, jirgin ya ga kisa kafin ya tsallaka iyaka, ya kuma ga ramuwar gayya bayan ya tsallaka. Mai karatu ba ya fita daga waɗannan labarai da sunan wanda zai je ya rama a kansa.

Lokaci na ƙurewa

A Indiya sai da aka yi kusan shekara 50 kafin masana tarihi su juya sosai ga bakin waɗanda abin ya shafa. Littafin Urvashi Butalia, The Other Side of Silence, wanda ya tattara muryoyin mata da yara da talakawa, a 1998 ya fito. Gidan tarihin rabuwar da ke Amritsar a 2017 aka kammala buɗe shi. Wata ƙungiya mai suna 1947 Partition Archive ta naɗi hirarraki fiye da 10,000 da tsofaffi, tana tsere da ajali. Kafin duk wannan, gajerun labaran ne suka riƙe amanar.

A Zariya, wanda yake ɗan shekara 15 a 1966 yanzu ya haura 70. Akwai waɗanda suka gudu suka dawo bayan yaƙin basasa suka sake buɗe shaguna a Sabon Gari. Akwai waɗanda suka ɓoye maƙwabta a ɗakunansu a 1966 ko 1987 ko 2011. Akwai kuma waɗanda suka ɗauki makami, waɗanda ba su taɓa faɗa wa kowa ba.

Garin bai rasa kayan aiki ba. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen harsunan Afirka da na tarihi, tana da Arewa House a Kaduna. Sashen wasan kwaikwayonta ya yi suna tun shekarun 1970 wajen shiga Samaru da ƙauyukan kewaye, a saurari matsalolin jama'a, a mayar da su wasa a nuna musu da Hausa. A Shika akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a Barnawa ta Kaduna akwai asibitin tarayya na wannan fanni. Marubuta kuwa sun cika zaurukan intanet, suna sakin labari babi-babi ga dubban masu karatu a waya.

Labari ba ya maye gurbin likita. Masana sun kuma yi gargaɗin cewa tilasta wa wanda ya ga tashin hankali ya ba da labari kafin ya shirya na iya ƙara masa ciwo. Ƙagaggen labari na da wata fa'ida a nan: ba ya buƙatar sunan kowa ko unguwar kowa. Mace na iya karanta labarin wata Fa'iza a wayarta, ta gane cewa abin da ke hana ta barci yana da suna, ba ita kaɗai ke fama da shi ba, kuma akwai inda ake zuwa da shi.

Likitoci na shawartar duk wanda ya wuce wata guda yana fama da mugun mafarki ko firgita ko rashin barci bayan wani tashin hankali ya je asibiti. Ga na kusa da shi kuwa, abin da ake nema bai wuce wanda Lajwanti ta nema wurin mijinta ba: idan ya fara magana, a bar shi ya kai ƙarshe.